Wutsiyar Ɓeraye Goma Sha Biyu

Akwai wata Asabar da nake fatan da ma ban wayi gari a cikinta ba. A ranar na ɗauki auduga da sifirit na goge alamar da ke wutsiyar ɓeraye goma sha biyu, na zana musu wata. Aikin bai ci rabin awa ba. Da shi na rushe wa wata baiwar Allah wahalar shekara huɗu, alhali ba ita na nufa ba. Zan faɗi yadda aka yi, amma ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na wurin aikin.

Karatuna bai wuce firamare ba. Na yi shekara goma sha tara a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Minna, ni ne mai kula da dabbobin gwaji. Kullum da sassafe in hau keke daga Maitumbi, in je in share, in canza musu dusar katako, in zuba abinci da ruwa. Fararen ɓeraye ne masu jajayen idanu. Ga baƙo duk kamarsu ɗaya, amma ni na san kowanne da halinsa. Na san mai cizo, na san ragon da ba ya tashi sai ya ji motsin kwano.

Ubangidana a wurin wani dakta ne, ba likitan da ke duba marasa lafiya ba, daktan bincike. Ciwon dajin huhu ya sa a gaba. Wata rana na tambaye shi me ake dafawa a cikin ƙananan kwalaben nan da ake lallaɓawa kamar ƙwai. Ya ce, "Baba, maganin daji da ake da shi yanzu kamar motar haya ne da ke zubar da fasinja ko'ina a gari. Yana ƙona mai ciwo da marar ciwo, shi ya sa gashi ke zubewa. Mu kuma muna so mu naɗe maganin a cikin wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, ƙura ma ta fi su girma, su kai shi har ƙofar ciwon, kamar yadda mai keke ke sauke ka a ƙofar gidanka." Nano suke ce wa ƙwayoyin. Na riƙe maganar nan daram.

Wadda ke haɗa ƙwayoyin da hannunta ɗalibarsa ce, 'yar Gbagyi daga Beji, Kirista, matar aure mai 'ya'ya biyu, tana karatun digirin dakta. Shekara uku ta yi tana gwadawa kafin ta samu haɗin da ya tsaya. A ta huɗu aka zo gwajin ƙarshe. Aka sa wa ɓeraye ashirin da huɗu ciwon a huhu, aka raba su gida biyu. Masu jan layi a wutsiya ana yi musu allurar maganin, masu shuɗin layi ana yi musu ta ruwan gishiri, don a gane bambanci. Yawan layukan kuma shi ne lambar ɓeran. Da alƙalamin maka ake zanawa, su kuwa ɓeraye ba sa barin lasar wutsiya, kafin mako ya zagayo alamar ta dushe. Saboda haka duk Asabar ni ke sabunta ta, ni kaɗai, don ba mai zuwa aiki ranar.

A daidai wannan lokacin matata ta kwanta. Shekara talatin ta yi tana suyar doya da ƙosai a bakin titi a Maitumbi, fuskarta a cikin hayaƙin itace safe da yamma. Tari ya kama ta, aka ce tarin fuka ne, ta sha maganinsa wata shida ba sauƙi. Da muka je wani babban asibiti a Abuja aka ɗauki hoton ƙirji, aka ciri ɗan nama aka auna, sai aka ce daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Aka ba mu maganin rage zafi muka dawo gida.

Ina tsaye a ɗakin ɓeraye ina kallon masu jan layi. Ni dai a idona sun fi masu shuɗi kuzari, gashinsu ya fi sheƙi. Na wanke hannu na tafi ofishin dakta, na durƙusa, abin da ban taɓa yi masa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwalba ɗaya nake roƙo. Ko rabi."

Ya cire tabarau ya ce, "Baba, tashi don Allah. Ba zai yiwu ba. Ko a ɓera ba mu gama sanin abin da yake yi ba. Zai iya kashe ta a yini ɗaya."

"Ai an riga an ce mutuwa za ta yi. Ni na yarda, ita ma ta yarda. Zan sa hannu a takarda."

"Ba maganar takarda ba ce. Shekaru ne tsakanin ɓera da mutum."

Na ce, "Wato ɓera ya isa a ba shi, uwar 'ya'yana ba ta isa ba?"

Ya ce in je, zai yi wa wani likita abokinsa magana ya zo ya duba ta. Likitan ya zo kuwa, ya canza mata maganin zafi. Ban gode ba. Yanzu na san gaskiya dakta ya faɗa mini, amma a lokacin abin da na gani kawai shi ne firij a kulle da makulli a aljihunsa.

Ta rasu ranar Talata da hantsi. Ɗalibar ta zo tun kafin a kai ta, ta ɗaura ɗankwali ta shiga cikin mata, ta kwana uku tana zuwa. Dama tun matata na jinya takan kawo mata kunun gyaɗa, tana ce mata Mama. Dakta kuwa yana wani taro a Legas, bai zo ba sai ranar sadakar bakwai. Ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, ya yi ta'aziyya, aka shafa. Da zai tashi sai ya sunkuyo kusa da ni, a gaban surukaina da limamin unguwa, ya ce, "Baba, yaushe za ka dawo? Ɓerayen nan ba su saba da hannun kowa ba sai naka, alamar ma ta fara gogewa."

Ƙanen matata ya kalle ni, ya kau da kai. Na ce, "Jibi, in sha Allahu." Muryata ta fita lafiya lau. Amma tun daga wannan tabarmar na ƙudurta sai ya ɗanɗana. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, shi wutsiyar ɓera ce ta dame shi. To, wutsiyar zan ba shi.

Na koma aiki kamar ba komai. Na yi tunanin zuba musu guba, na ga za a gane. Na yi tunanin kashe firij, na ga za a sake haɗa wani maganin. Ina so ne abin ya lalace a hannunsa yana kallo, ya rasa wanda zai kama. Ranar Asabar ta biyu na kulle ƙofa ta ciki. Na ɗauko masu jan layi shida, na goge, na mayar da su shuɗi da lambobin 'yan'uwansu. Na ɗauko masu shuɗi shida na mayar da su ja. Na sauya musu keji. Ban juya duka ba, don da na juya duka wani mai wayo zai iya lura ya juya lissafin. Rabi na taɓa, yadda ruwa da madara za su gauraya ba mai iya raba su. Na fito na sayi gasasshiyar masara a bakin hanya, na ci da daɗi, karo na farko tun rasuwarta.

Ranar Litinin ɗalibar ta zo awo. Ina shara a bayanta ina ji. Ta ɗora ɓera a sikeli, ta duba littafinta, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Baba, sikelin nan lafiya kuwa? Lamba uku ya yi ƙiba cikin kwana biyu, lamba biyar ya rame."

Na ce, "Ƙila batir ne, 'yata."

Ta canza batir. Ta aro wani sikelin. Ba ta taɓa kallona da zargi ba, ko sau ɗaya. Haka ta ci gaba da yin allurar magani ga waɗanda suka fara da ruwan gishiri, tana yin ta ruwan gishiri ga waɗanda suka fara da magani, ni kuma ina riƙe mata su.

Da lokaci ya cika aka yanka ɓerayen aka duba huhunsu. Ja da shuɗi babu bambanci. Ranar da sakamakon ya fito ina wankin keji a bayan taga, na ji dakta yana ɗaga murya, abin da ba halinsa ba ne.

"Dubi littafinki! Nauyi yana tsalle sama da ƙasa kamar na mahaukaci. Ko kin haɗa alluran, ko kin rubuta abin da ba ki auna ba. Wanne ne?"

"Wallahi, yallaɓai, ban sani ba."

"Ba ki sani ba! Shekara huɗu, ba ki sani ba!"

Ya fito ya wuce ni, fuskarsa ta yi toka, tabarau a hannu. Na bi shi da ido har ya shiga mota, ya zauna bai tayar ba. Ba zan yi ƙarya a tsufana ba, daɗi na ji, har cikin ƙashina. Na ce a raina, yau kai ma ka roƙi abu an hana ka. Makonni na yi ina jin daɗin nan. In na gan shi ya zauna shiru a ofis sai in gaishe shi da fara'a, in tambaye shi ya gajiya. Kukan da ɗalibar ta yi a ɗakin ɓeraye, ta kifa kai a kan benci, na ji shi, na ce a raina ai kowa ma ya yi kuka.

Ba a sake gwajin ba. Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin ba su ga abin da za su ƙara a kai ba, wa'adin karatunta kuma ya ƙare. Ta kwashe littattafanta ta tafi, har ta zo ta yi mini sallama, ta ce in yafe mata in ta taɓa ɓata mini. Dakta ya juya ga wani binciken daban. Na yi ritaya, shi ma ya yi. Shekara uku da suka wuce ya rasu, na je jana'izarsa. Har ya koma ga Allah yana ganin sakacinta ne.

Bara na je kasuwar Beji sayen doya, sai na ji ana "Baba! Baba!" Ita ce, ta yi furfura a gefen kai. Tana koyar da kimiyya a wata sakandare. Ta karɓe buhuna, ta zaɓar mini doya da kanta, ta hana ni biya. Muna tsaye ana ɗaurewa na tambaye ta ko ba za ta koma binciken ba. Ta yi dariya ta ce, "Ni? Baba, hannun nan nawa ba na bincike ba ne, ai ka gani da idonka. Ko gishiri zan zuba a miya sai na duba sau uku. 'Ya'yana har tsokanata suke yi."

Doyar nan ta yi kwana tara a ɗakina ban iya ci ba. A na goma na koma Beji, na same ta a gida tana wanki. Na ƙi kujerar da ta miƙo, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai, har masarar.

Ta cire hannunta daga cikin kumfa ta ce, "Guda nawa?"

"Goma sha biyu."

"Lamba uku da lamba biyar suna ciki?"

"Suna ciki."

"Kana riƙe mini su ina yi musu allura."

Na ce haka ne. Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, "Kar ka kawo mini wannan yanzu, Baba. Ni na wanke wa Mama zane tana jinya. Me na yi maka? Shi da ya ɓata maka ya mutu yana ce mini maƙaryaciya. Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Har yau ba wanda ya san ko maganin nan yana aiki. Ko a'a ce amsar, da mun sani. Kai ka goge ta da auduga."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba. Abu ɗaya ta nema: in rubuta da hannuna, yadda duk wanda ya yi aiki a wurin ya karanta zai gane, ya san littafinta gaskiya ya faɗa. Ga shi na rubuta. Ta auna daidai, ta rubuta daidai, ni ne na sauya ɓerayen.

Maganar da dakta ya yi a kan tabarmar makoki har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi, ban iya wanke ta ba. Amma da na buɗe baki a ranar na ce masa ya ci mini fuska, da ya ba ni haƙuri, don ba mugu ba ne, da an wuce wurin. Ku da ke share ɗakunan gwaji, da masu wankin kwalabe, da masu riƙe makulli ranar da ba kowa, na roƙe ku: in an ɓata muku, ku faɗa wa wanda ya ɓata muku a fuskarsa, ko da za ku rasa aikin. Kada ku huce a kan abin da aka ba ku amana kamar yadda na yi.