Rana a Ɗakin da Ba a Gina Ba

Muna lafiya a gida. Ƙafar Baban yara ta yi sauƙi, tarin Kaka ya tafi. 'Yata Rifkatu ce kawai ta daina cin abinci.

Tana zana falo a kwamfuta, na wani gida da za a gina a Kagoro. Idan zanen ya yi wa mai gidan ranar Jumma'a, ta samu aikinta na farko.

Jiya ta ce, "Mama, me ya sa hasken nan yake kama da ƙarya?"

Na ce, "Ni da na koyi karatu bayan na yaye ki? Amma ko ƙarƙashin kujera ba duhu. Mala'iku ne za su zauna ciki?"

Na ɗaga labulenmu. Rana ta sauka a jan simintin da nake gogewa kullum, gindin farin bango ya yi ja-ja. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rage fitilun zanen, ta bar taga ɗaya. Ta ci tuwo malmala biyu.

Har yanzu ina mamakin yadda rana ke shiga ɗakin da ba a gina ba. Ga hoton. Masu ido, ku faɗa mana gaskiya kafin Jumma'a.