Gwajin da aka rufe wa baki

Mu huɗu ne a biron, wato ofishinmu, wani ɗaki a unguwar Talladjé da fanka ɗaya. Aikinmu kula da wata manhaja da ke kulle saƙo kafin ya hau rezo, wato intanet, don kada wani ya karanta a hanya. Duk wanda ya taɓa wani abu a cikinta, ordinater, wato kwamfuta, na jarraba ta da kanta. Kore ya fito, lafiya. Ja ya fito, akwai ɓaraka.

Akwai gwaji guda da ke miƙa wa manhajar takardar shaida ta jabu, ya ga ko za ta ƙi karɓa. Da can yakan yi ja jefi-jefi, sai ya daina. Wata Talata da hantsi na buɗe shi don wani dalili daban, na tarar an goge layin da ke duba amsar. Ko manhajar ta karɓi jabun ko ta ƙi, kore zai nuna. Tun kafin azumi yake haka.

Na duba wanda ya goge. Shef ɗinmu ne, shugaban biron, mutumin Damagaram, wanda ya koya mini aikin nan da hannunsa. Yaya nake ce masa.

Na maida layin, gwajin ya yi ja. Na ɗauki ordinater na ajiye a gabansa.

"Yaya, kai ka cire wannan?"

Bai ko ajiye shayinsa ba. "Rezo ne ke ruɗa shi, ƙanwata. Kin san rezon garin nan."

"Ka bincika?"

"Aiki ya yi yawa lokacin."

Na koma kujerata, don abin da ke bakina ba na faɗa wa babba ba ne. Kwana uku na yi a kai, ko abincin rana ban fita ci ba. Gwajin na da gaskiya. In rezo ya yanke ana tsakiyar gaisawa da ɗaya ɓangaren, manhajar kan sake haɗawa ba tare da ta nemi shaida ba. Mutane na can suna aika sirrinsu, sun yarda da mu.

Na gyara. A taron Juma'a Yaya ya miƙe ya ce, "Mun gano wata ƴar matsala, mun toshe." Aka gyaɗa kai. Ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa ya fi ɓata mini rai har yau.

Ina gaishe shi kowace safiya yadda na saba. Wata biyu bayan haka na nemi a maida ni wani sashe.