Akuyar Asibiti ta Inno

Tun tana ƙauye Inno ba ta rabuwa da akuya ɗaya a turke, wadda ba ta layya ba ce, ba ta suna ba. Ta asibiti ce. Ranar da ciwo ya kayar da wani a gida, sai a kwance ta a kai kasuwa, a sayo magani. Shi ya sa Inno ba ta taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba, don kada ta saba da ita.

Da ɗanta Lawwali ya ɗauko ta zuwa gidansa a Ƙofar Durbi, tare da wata jar akuya ta shigo Katsina. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ya yi mata rajistar inshorar lafiya, ya kawo mata kati mai hotonta. Ta juya shi gaba da baya ta ce, "Wannan da ko dusa bai ci, shi zai biya likita?" Ta cusa shi ƙarƙashin katifa.

Jar akuyar nan ce ta ɓata mata tsari. Tana bin ta har ƙofar ɗaki, in tana lazimi ta ɗora haɓa a cinyarta. Gaban mutane Inno kan kore ta da zagi, in babu kowa kuwa ta jiƙa mata ƙanzo.

Sai ƙafar Inno ta kumbura. Mako uku tana jan zane tana rufewa, tana salla a zaune tana cewa gajiya ce. Iklima matar Lawwali ce ta gano, ranar da ta ga takalmi ya ƙi shiga.

"Inno, ku tashi mu je asibiti."

"Ba ni zuwa. Allura nika tsoro."

"Ku da kuka haifi bakwai a ɗaka?" Iklima ta bi idon tsohuwar, ta ga ya sauka a turke. Ta danne dariya. "Wallahi ba mai taɓa ta. Katin nan ya isa."

"Haka ake cewa. Sai an kwantar da ni ku kira dillali."

"Kullum zan nuna maku ita a waya."

Kwana biyar ta yi a gadon asibiti. Kowace safiya Iklima ta nuna mata hoto, ita kuma ta ce na jiya ne, har sai an kira Lawwali ya kara waya a bakin akuyar ta yi kuka, sannan take yarda ta haɗiyi magani.

Ranar da aka sallame ta, ta tsaya a tsakar gida riƙe da sanda. Tunda take, ba ta taɓa ganin an dawo daga asibiti an tarar da turke da dabba ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga murya.

"Wa ya bar Jummai ba ruwa?"

Lawwali ya waiga. "Wace ce kuma Jummai, Inno?"

Inno ta wuce shi. Ta ɗauki kwano ta nufi randa tana ɗingishi.