Dutsen niƙan mahaifiyata a ajin burebe

Shekarun baya, ina da arba'in da ɗaya, na shiga ajin manya masu neman burebe, takardar gama ƙaramar sakandare, a nan Gaya ta Nijar. Ni ce tsohuwar ajin. Faransancina kuwa, in na buɗe baki sai kowa ya sunkuyar da kai.

Mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, sa'an ƙanena ne, kuma shi ke rubuta sunayen waɗanda za a tura jarrabawa. Ya riga ya faɗa mini, "Inna, ki bari sai baɗi." Baɗin nan kuwa babu shi, don maigidana shekara ɗaya ya yarje mini.

Wata la'asar ya raba mana fotokofi mai hoton duwatsu biyu, garanit da gaburo. Ya ce dukansu a can cikin ƙasa suka narke suka huce a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsu manya ne. Garanit mai haske ne, da ƙwayoyi kamar gilashi. Gaburo baƙi ne, ya fi nauyi, ba shi da gilashin. Amma a takardar duka biyun toka-toka suka fito. Aka yi ta juya ta.

"Ku haddace kawai," in ji shi. "Ƙasar Gaya ba ta da su."

Na ce, "Mushe, suna tsakar gidana."

Aji ya kwashe da dariya. Ya ce, "Inna, ba murhu nake nufi ba."

"Ni ma ba murhu nake nufi ba. In na kawo su fa?"

"Ki kawo, in sa sunanki."

Washegari na naɗa gammo, na ɗora dutsen niƙan mahaifiyata a ka, ɗansa a hannu. Daga Benin aka hayo mata da su tun kafin a haife ni. 'Yan kabu-kabu suna ta tsiya, wai Hajiya niƙa za a yi wa lakwal, makarantar boko? Ban kula su ba.

Na dire shi gaban allo, na watsa masa ruwan buta. Sai ga fari da ja-ja da ɗigon baƙi, gilashin yana ƙyalli. Na miƙa wa mushe ɗan dutsen. "Riƙe wannan baƙin. Bai fi girmansa nauyi ba?"

Ya jinjina shi, ya kai shi taga, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce me ya sa ba a yi su iri ɗaya ba.

Na ce, "Mai hasken yana riƙe kaushinsa, shi ke cin gero. Amma ka goga shi da ɗan'uwansa, yashi za ka ci a tuwo. Baƙin ba ya marmashewa."

Ya ce in maimaita da Faransanci. Na maimaita, na kakkarya shi, ba wanda ya yi dariya. Ya zaro jan biro ya rubuta sunana a gabana.

Kwana uku wuyana bai juyu ba. Burebe kuma na ci shi, da ƙyar, amma na ci.

Har yau in na ji mace ta ce ita ba ta san komai ba don ba ta yi lakwal ba, raina ɓaci yake. Shekara talatin hannuna ya san duwatsun nan. Sunayensu kawai na je na karɓo.