Yadda Malam Ibrahima Ya Nemi Gyara Daga Surukinsa

Malam Ibrahima Bawa ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da Turanci a wata firamare kusa da Unguwar Lalle. A hannunsa na koyi karatun boko ina da shekara arba'in da ɗaya, a ajin manya na bayan La'asar, saboda haka abin da za ni rubuta a kansa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Dogo ne, mai tsabtar tufa, mai tsadar dariya. Ajinsa sananne ne. In ya karanta jimla, yara sittin su amsa da murya ɗaya, har matan da ke sussuka bayan makaranta sun haddace wasu. Iyaye na ji, su ce karatu na tafiya. Shi kaɗai ya san ciwon da ke ciki: in ka ware yaro guda ka yi masa tambaya da Turanci, sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Saura shekara uku ya ajiye aiki, kuma burinsa ɗaya ne, ya sallami aji guda wanda yaransa ke iya buɗe baki su amsa da kansu.

A hutun daminar bara anka kira malaman Isa da na Sabon Birni bitar kwana biyar a Isa. Mai koyarwar, Malama Halimatussa'adiyya, ta nuna masu a raba yara biyu-biyu, su fara tattauna abu da Hausa sannan su gwada shi da Turanci, malami kuma ya rage magana. Amma ginshiƙin shirin shi ne kowane malami ya sami abokin aiki daga makarantarsu, wanda za shi zauna a bayan ajinsa duk Laraba, ya faɗa masa inda ya kuskure.

Mutum biyu makarantarsu ta tura: shi da Malam Jabir, mijin ɗiyarsa Sadiya. Shekara huɗu da auren, Jabir bai taɓa cin abinci gabansa ba, bai taɓa duban tsakiyar idonsa ba, kuma a durƙushe yake gaishe shi ko da a ofishin hedimasta ne.

"Malama, surukina ne," in ji Jabir, murya ƙasa-ƙasa.

"To ku biyu kunka zo," in ji ta. "Ko in haɗa shi da iccen dogonyaro?"

Wani tsohon malami daga baya ya ce, "Gyara shi, Jabir, ka kwana a zaure!" Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Ibrahima bai yi ba.

Da anka koma makaranta, Jabir ya riƙa zama bayan aji da littafinsa. In an tashi Malam ya ce, "Mi ka gani?" Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Alheri, Baba. Babu gyara." Haka har mako huɗu. Malam ya san ba ƙarya ba ce, ladabi ne, amma ladabin bai buɗe bakin yaro ko ɗaya ba.

Ƙarshen wata anka sake kiransu Isa. Hanyar nan yanzu ba a binta sai rana ta ɗaga, ranar kuma ba a sami mota ba, dole Malam ya hau bayan babur ɗin surukinsa. Suna tafe ya lura da wani abu: tunda fuskar Jabir na ga hanya, harshensa ya saki, yana ta zancen gero da yadda ruwa ya ci gefen titi. Sai Malam ya sunkuyo.

"Jabir, yanzu ba ka ganina, ban ganinka. Akwai wani malami da kake shiga ajinshi ran Laraba. Ba ni labarinshi."

Babur ya rage gudu. "Baba, a gafarce ni."

"Na gafarta tun ba ka faɗa ba. Tuƙa, ka yi magana."

"Malamin ya san aikinshi. Sai dai na duba agogo, cikin minti talatin da biyar shi ke cin talatin. In yaro ya tsaya neman kalma, kafin ya samo malam ya ba shi. Amshin nan kuma da ake ji har bayan makaranta, yara shida ke janshi. Saura baki kawai suke motsawa."

"Shi ke nan?"

"Tsoron kuskure suke gabanshi, Baba. Irin wanda nike."

A haka sunka shiga Isa. Malam ya faɗa mani daga baya cewa maganar ta soke shi, domin shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa gaya masa haka, kuma a wurin bitar sau biyu ya miƙe don ya roƙi Malama ta sauya masa abokin aiki. Sau biyun ya koma ya zauna.

Larabar da ta biyo baya ya tambayi wata yarinya, Nana Hauwa, abin da ta yi da safe. Ta yi shiru. Ya juya yana duban taga, alli na karyewa a tafin hannunsa, bai ba ta kalmar ba. Shirun ya yi tsawo har yara sunka fara waigen Jabir. Can sai ta ce da Turanci ta kai awakin innarta kiwo. Kuskure uku ne a jimlar. Ya bari ta kai ƙarshe, ya sa ta maimaita wa abokiyar zamanta, sannan ya gyara ɗaya kawai.

Yau yara goma sha tara cikin sittin ke amsawa da kansu. Ba aji guda ba ne tukuna, kuma shekara biyu ta rage masa. Duk Laraba in an tashi, yakan hau bayan babur ɗin Jabir su bi hanyar gona, alhali gidan Malam na nan a ƙofar makaranta.