Ranar da Kwamfutar Baba Mai Fenti Ta Sauya Yare

Kusan duk allon shagon da ke kan titin kasuwa, tun daga kemis har wurin mai gyaran agogo, hannun Baba Mai Fenti ne ya rubuta shi. Tun yana saurayi ya fara, da buroshi a aljihu da tsani a kafaɗa. Mutum ne mai son hira daga saman tsani, yana zana harafi yana tsokanar masu wucewa. Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina gida, ya sa 'ya'yansa makaranta.

Da girma ya kama shi, sai ƙirji ya fara damunsa. Likita ya saurari numfashinsa, ya ce warin fenti ya isa haka, ya sallami gwangwanayen. Baba ya dawo ya zauna a baranda, hannu ba abin yi. Matarsa, wadda har yau yake kira Uwar Yara ko da yake yaran duk sun yi gidajensu, ta ce zaman nasa ya fi tarin da yake yi damunta, don ya koma koya mata yadda ake jera kwanoni.

Autarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ita ta aiko masa da kwamfutar hannu ta gwanjo, da alƙalaminta, da manhajar zane a ciki. Sai dai mai ita na farko ya bar manhajar a yarensu, wani irin rubutu da ba wanda ya taɓa gani a gidan. Baba bai gaya wa kowa ba. A zatonsa haka aka ƙera ta, kuma kunya ba za ta bari ya kai ƙarar kyautar 'yarsa ba.

Haka ya shiga lalube, yana raɗa wa alamomin suna. Wani harafi ya yi kama da kujera mai ƙafa uku, nan buroshi yake. Wani kamar mutum ɗauke da itace, nan launuka suke. Akwai ɗaya can a lungu da ya taɓa sau ɗaya, layin da ya gama ja ya ɓace. Daga ranar ya sa masa suna Ɓarawo, bai sake kai hannu wurin ba. In ya yi kuskure, sai ya shafe da fari ya sake, kamar yadda ya saba a bango. A hakan ma ya zana kyanwar maƙwabta, ya zana hannun Uwar Yara tana yankan albasa.

Wata safiya Auta ta kira ta bidiyo, ta ce a nuna mata aikin. Da aka juya mata fuskar kwamfutar, sai ta fashe da dariya har da share hawaye. Ta tambaye shi ko duk watannin nan da wannan rubutu yake aiki. Baba ya ce sun fahimci juna shi da kujerarsa, kada ta shiga tsakani.

Ba ta yarda ba. Uwar Yara ta riƙe waya, Baba ya gyara zaman tabarau, Auta tana ba da umarni daga nesa. Ta ce su nemi wata alama mai haƙora kamar giyar keke, a cikinta kuma su nemi hoton duniya. Uwar Yara ce ta hango duniyar, ta ce ita ta ɗauka ƙwallo ce. Jerin yaruka ya fito, kowane da irin rubutunsa. Baba ya miƙa yatsa da isa, ya dangwala na sama da wanda ake nufi. Nan take komai ya juye, na dama ya koma hagu, kujera ta ɓace, mai itace ya bi ta. Uwar Yara ta yi dariya har wayar ta koma kallon rufi, Auta tana ta kira a dawo da ita. Sai a karo na biyu, da alƙalami maimakon yatsa, aka sauka a kan Turanci.

Baba ya san Turancinsa daidai gwargwado, don shekaru ya yi yana rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa a bayyane, kamar mai gaisawa da maƙwabtan da ya daɗe yana gani bai san sunansu ba. Da ya iso kan Ɓarawo, Auta ta bayyana masa cewa aikinsa janye abin da aka yi na ƙarshe, na kusa da shi kuma ya mayar.

Baba ya ja layi a karkace da gangan, ya taɓa, layin ya tafi. Ya taɓa na kusa, ya dawo. Ya yi ta yi kamar mai wasa da ƙofa.

"Ashe bawan Allah taimakona kake so ka yi, ni ina ta ɓata maka suna," in ji shi. "Ka yafe ni."

"Auta, ki tambaya mana ko ana sayar da irinsa na baki," in ji Uwar Yara. "Akwai wanda zan saya wa."

Kwanakin farko ya ɗan ɓata hanya, hannunsa yana neman kujera inda babu ita. Amma da ya ware, ya gano kayan aikin da bai san da su ba, har da hanyar aika zane ga mai ɗab'i. Mai askin bakin titi ne ya fara kawo masa aiki, yana son sabon allo mai kawuna iri-iri. Baba ya zana shi a baranda, numfashinsa lafiya lau, ya sa wa kai na tsakiya sanƙon mai askin da kansa. Mai aski ya ce sai an cire. Abokan cinikinsa suka ce in an cire ba za su sake zuwa ba. Haka aka kafa allon, kuma tun kafin a gama ɗaure shi mai gyaran takalmi ya riƙe hannun Baba yana bayanin irin nasa da yake so.