Ranar da Na Ƙi Ɗora wa 'Yata Ƙaho

Assalamu alaikum Edita. Ni dattijo ne daga Illela, kuma abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, ina ganiyar ƙarfina. Wanzami ne ni, ɗan wanzami. Mahaifina shi ne sarkin aska na yankinmu, daga Tozai har ƙauyukan bayan Ƙonni babu wanda bai san zabirarsa ba. Ni ne babban ɗansa, ni ake sa ran zan gaje shi, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. Ranar kasuwa nakan yi wa Fulani ƙaho har rana ta karkata ban ɗaga kai ba. Ina ji da kaina sosai a lokacin, a ganina babu ciwon da zai gagari askar gidanmu.

Sai 'yata ta fari, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta yi mura da ciwon maƙogwaro. Ta warke, muka manta. Can sai wasu ƙuraje masu duhu suka feso mata a ƙafafu, suka haura har cinyoyi da mazaunai. Idon sawunta ya kumbura, yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma jan gindi, ga ciwon ciki da ke sa ta naɗe kamar tabarma. Mahaifina ya duba ta ya ce mataccen jini ne ya taru ƙarƙashin fata, maganinsa tsaga da ƙaho. A gidanmu kuwa doka ce, yaro ba ya shan askar kowa sai ta ubansa. Wato ni zan tsaga ta da hannuna.

Da safe na shimfiɗa buzu a tsakar gida, na jera ƙahonni, na wasa aska. Uwarta ta riƙe ta tana kau da fuska. Na kama ƙafar na danna ɗaya daga cikin ƙurajen da babban yatsa, bai dushe ba. Jinin da na saba ja wuri ɗaya yake zama, a ƙeya ko a gadon baya, wannan kuwa ya watsu ko'ina, kuma kullum gari ya waye da sababbi. A ina zan kafa ƙahon? Ga shi tun da asuba uwarta ta nuna mini fitsarinta, ya yi launin zoɓo. Jini yana fita da kansa, ni kuma in zo in ƙara zuƙe wanda ya rage? Yarinyar ta dube ni ta ce, "Baba, da zahi?" Sai na ninke askata.

Na faɗa wa mahaifina cewa asibiti zan kai ta. Ya ce, "Mi kac ce? Ɗiyag gidan wanzamai za a kai ma baƙo shi duba jininta? In ka hita da ita, aje min zabirata." Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ban raina iliminsa ba, amma wannan ciwon ban san shi ba, kuma ba zan koyi aiki a jikin 'yata ba. Bai sake kallona ba. Na rataye zabirar a ƙofar turakarsa, na saɓa yarinyar a kafaɗa, uwarta na biye da ni. Malamin asibitin garinmu ya duba fitsarin ya ce wannan sai Sakkwato. Motar fatu muka samu, muka zauna a kan kaya, wari kamar zai kashe mu.

A can, likita ya yi bayani, wani ma'aikaci yana mayar mini da Hausa. Ya ce ƙananan hanyoyin jini ne suka kumbura suna yoyo, kuma yara yake kamawa, sau da yawa bayan mura. Ya ce galibi da kansa yake tafiya, abin tsoron shi ne ƙoda. Aka kwantar da ita, aka hana ta yawo, ana ba ta ruwa da ƙwayoyi, kullum safiya a ɗebi fitsarinta a duba. Babu wanda ya sa mata wuƙa. Mun yi makonni ina kwana a gindin dogon yaro, har fitsarin ya washe, ta soma bin bango.

Kada ku zaci an tarbe mu da murna. Mahaifina ya ji yadda aka yi, ya ce ashe ba su yi kome ba, Allah ne ya warkar da ita, da ƙaho da tuni ta miƙe. Allah ne kam, ban musa ba. Zabira kuwa an riga an ba ƙanena. A kasuwa aka sa mini suna wanzami mai tsoron jini, masu kawo mini kai suka janye, na koma noman gero a Lafani. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son sana'ata. Amma da ƙurajen suka sake leƙowa bayan 'yan watanni, na sake ɗaukar ta zuwa asibiti, da rana tsaka, ta gaban masu zaman ƙofar gida, na yi musu sallama da ƙarfi don kowa ya ga inda na nufa.

Mahaifina ya rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ina yi masa addu'a kullum, ba mugu ba ne, abin da ya sani ya tsaya a kai. Na nemi gafararsa a kan abubuwa da yawa, amma ban da wannan. Abin da kawai ke ci mini rai shi ne kwanakin da na ɓata ina kallon ƙurajen saboda kunyar idon mutane. Don haka iyaye, in kun ga ƙuraje masu duhu a ƙafar yaro waɗanda ba sa dushewa in an danna, ga kumburin gaɓoɓi ko ciwon ciki, ku dubi fitsarinsa, ku kai shi asibiti. Masu surutu ba su za su yi muku jinya ba.

Da 'yar nan ta yi haihuwar fari, ranar suna ƙanena ya zo da zabirar gidanmu zai yi wa jariri aski. Ta aiko daga ɗaki cewa babu mai taɓa kan ɗanta sai babanta. A gaban jama'a ya zaro aska ya miƙo mini, na karɓa, na yi wa jikana aski.